Mudu Bakwai a Kasuwa Ɗaya: Yadda Sakandaren Amurka Ke Koyar da Ɗa'a



Yau makarantun sakandaren Amurka za mu leƙa, kuma daga jihar Teksas za mu ɗauko zaren. A shekarar 2011 aka fitar da sakamakon wani bincike da ya bi sawun ɗalibai kusan miliyan ɗaya na makarantun gwamnatin jihar, tun daga aji 7 har aji 12. Abin da ya fito ya sa mutane riƙe baki. Cikin kowane yara goma, kusan shida an taɓa fitar da su daga aji, ko an dakatar da su, ko an kore su, aƙalla sau ɗaya. Da aka tona laifuffukan kuwa, kashi 3 cikin 100 ne kacal irin waɗanda dokar jiha ta wajabta hukunci a kansu, kamar shigowa da makami. Ragowar duk saɓa ƙa'idojin cikin gida ne, waɗanda hukuncinsu ke hannun malami da firinsifal, in sun ga dama su kora, in sun ga dama su kawar da kai.

Abin yana da asali. A 1994 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta ce duk ɗalibin da ya shigo makaranta da bindiga a kore shi shekara guda. Babu mai jayayya da wannan. Sai dai makarantu sun ɗauki salon sun shimfiɗa shi kan komai, musamman bayan harbe-harben makarantar Columbine a 1999, lokacin da tsoro ya cika zukatan iyaye. Aka shiga zamanin ba sani ba sabo. Faɗa, kora. Ɗaga wa malami murya, dakatarwa. Fashi ya yi yawa, je ka gida kwana uku. Ni dai har yau na kasa gane hikimar hukunta mai gudun makaranta da hana shi zuwa makaranta. A Fulorida, Robert Balfanz na Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa sun bi ɗaliban aji 9, suka tarar waɗanda ba a dakatar ba kashi 16 cikin 100 ne suka watsar da karatu, waɗanda aka dakatar sau ɗaya tak kuwa kashi 32. Ba za a ɗora wa dakatarwar laifin duka ba, tunda yaron da ake dakatarwa galibi yana da wasu damuwoyin a bayansa. Amma dai ta tabbata korar ba ta dawo da shi kan hanya ba.

A daidai wannan zamanin, can arewa maso yammacin ƙasar, wasu malaman Jami'ar Oregon suna wani tunani dabam. Rob Horner da George Sugai asalinsu masana ilimin yara masu buƙata ta musamman ne, sun daɗe suna neman hanyar gyara halin yaro ba tare da azabtarwa ba. Sai suka ce, me zai hana abin da ake yi wa yaro ɗaya a yi wa makaranta baki ɗaya? Tushen maganarsu shi ne ɗa'a darasi ce. A faɗe ta, a nuna ta, a sa yaro ya gwada, a yaba in ya yi daidai, a gyara masa in ya kuskure.

Cikin wuraren da aka fara gwadawa akwai ƙaramar sakandaren Fern Ridge a jihar ta Oregon, a tsakiyar shekarun 1990. Malamanta suka zauna suka amince kan ƙa'idoji biyar kacal, gajeru, masu faɗin abin da za a yi maimakon dogon jerin "kada". Da aka buɗe makaranta ba da littafi aka fara ba. An kasa yara rukuni-rukuni aka zagaya da su: ga aji, ga baranda, ga ɗakin cin abinci, ga inda ake hawa bas. A kowane wuri malami ya nuna yadda ƙa'idar take a aikace, yara su gwada. Cikin shekara guda takardun ƙarar da malamai ke turawa ofis suka ragu da kashi 42 cikin 100. Sakamakon ya fito a 1997, shekarar da maganar tallafa wa kyakkyawan hali ta shiga dokar ilimin yara masu naƙasa ta ƙasa. A 1998 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ba da kuɗi aka kafa cibiyar yaɗa tsarin, wanda yanzu aka fi sani da haruffan PBIS. Makarantun da suka rungume shi a Amurka sun haura 25,000.

Hawa uku gare shi, kuma daga ma'aikatan lafiya aka aro fasalin. Na farko rigakafi ne na kowa da kowa, ana sa ran ya wadatar da kusan kashi 80 cikin 100 na ɗalibai. Na biyu na kusan kashi 15 ne, masu buƙatar a ƙara sa musu ido. Na uku na 'yan kaɗan ne, kusan kashi 5, waɗanda sai an yi wa kowannensu shiri nasa shi kaɗai.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mafi yawan makarantun da ke bin PBIS firamare ne, kuma hujja mafi ƙarfi daga can ta fito, kamar gwajin shekara biyar da Catherine Bradshaw da abokanta suka yi a firamare 37 na jihar Maryland. Babbar sakandare, wato aji 9 zuwa 12, inda yara ke tsakanin shekara 14 da 18, ita ce ta zama ƙarfen ƙafa. An sha ɗauko tsarin firamare a dasa a can, ya ƙi kamawa. Brigid Flannery, ita ma ta Jami'ar Oregon, wadda ta shafe shekaru kan wannan batu, ta tattara dalilan zuwa uku: girman makaranta, al'adar malamanta, da shekarun ɗalibanta.

Mu ɗauki girman. A firamare malama ɗaya ce ke riƙe da yara wuni guda, ta san wanda ya karya da wanda bai karya ba. A babbar sakandaren Amurka ɗalibai kan kai dubu ɗaya, dubu biyu, wani wurin fiye, malamai kuma su haura ɗari. Can ɗalibi ne ke tashi ya je ajin malami, ba malami ke zuwa ya same shi ba, kuma yaro ɗaya zai ga malamai shida ko bakwai a rana. Wurin na farko, in ƙararrawa ta kaɗa kana bakin ƙofa, ka iso kan lokaci. Wurin na biyu, sai kana zaune kan kujera da littafi a buɗe. Na uku ko agogo ba ya dubawa. Wannan ya hana hula a aji, wancan shi kansa da hularsa. Wannan ya ƙwace waya, wancan ya ce a fito da ita a yi bincike. Kasuwa ɗaya, mudu bakwai. Wanda ya taɓa awo a irin wannan kasuwa ya san abin da ke biyo baya: kowa ya koyi gardama, mai wayo ya gano rumfar da zai ci riba, wanda aka kama kuwa ya rantse an zalunce shi, don jiya a gabansa aka ƙyale wani kan abu iri ɗaya. Matashi ɗan shekara 16 yana iya haƙuri da tsauri. Bambanci ne ba ya yafewa.

Sai al'adar malaman, kuma a ganina nan ne ainihin aikin yake. Malamin sakandare gwanin fanni yake ɗaukar kansa. Sashen kimiyya daban, na tarihi daban, na lissafi daban, wani ma bai san sunan wani ba. Ka je ka ce masa ya ware minti goma sha biyar ya koya wa 'yan ajinsa yadda ake shigowa aji, irin amsar da za ka ji ita ce, "Ni kimiyya aka ɗauke ni in koyar, ba tarbiyya ba." Ko kuma, "Ƙaton da ya fara gemu ne zan koya wa zama? Ai ya ci a ce ya sani." Allah ya gafarta malam, ya ci a ce ya sani, gaskiya ne. To amma bai sani ba, ko ya sani bai saba ba, ko kuma abin da ya sani na gidansu da unguwarsu ne, ba na ajinka ba. Yanzu me za a yi? A yi ta rubuta masa takarda har ya gaji ya daina zuwa? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kafin a nemi ɗalibai dubu su daidaita, sai malamai ɗari sun daidaita tukuna, kuma wannan ya fi wancan wuya.

Shi ya sa masu tsarin suka kafa sharaɗi: kada a fara sai aƙalla kashi 80 cikin 100 na ma'aikata sun yarda. A sakandare sai an bi sashe-sashe, an shawo kan shugabannin sassa, an sa a kwamiti har da irin malamin nan da kowa ya sani da tsuke fuska da cewa "mun ga irinsa ya wuce". Shekara guda na iya tafiya a wannan lallashi. Firinsifal ɗin da ya gaza haƙuri ya ba da umarni daga sama, abin da zai samu shi ne alluna masu kyau a bango, da malaman da suka rufo ƙofar aji suka ci gaba da abin da suka saba.

Abin da ya fi saurin karya gardama shi ne alƙaluma. Jami'ar Oregon ta ƙirƙiro wata manhaja mai suna SWIS, inda ake shigar da kowace takardar ƙara: wane ne, me ya yi, a ina, ƙarfe nawa. Kwamiti ya zauna duk wata ya duba. Da aka tattara irin waɗannan bayanai daga makarantu masu yawa, sai ga shi abin da ya fi cika ofisoshin manyan sakandare makara ce, da gudun aji, da taurin kai ga malami. Dambe da makami suna can baya. Kun ga ke nan magana ta sauya. Maimakon "yaran zamani sun lalace", wadda ba ta da magani, sai ta koma, alal misali, "yawancin masu makara 'yan aji 9 ne, a darasin da ke bin abincin rana, a ɓangaren ginin da ya fi nisa da ɗakin cin abinci." Wannan kam tana da magani. Wataƙila mintunan da aka ware ba sa isa a taka daga can zuwa nan. Wataƙila ƙofa ɗaya ce a buɗe, ɗaruruwan yara ke turereniya a cikinta.

Ga yadda gyaran yake a ido. Ƙararrawa ta kaɗa, ƙofofi sun buɗe, baranda ta cika maƙil, ba ka jin komai sai ƙarar buɗe lokokin ajiye kaya da rufe su. A da, a wannan lokacin malamai na ciki suna goge allo ko duba kwamfuta. Yanzu kowane malami yana tsaye a bakin ƙofarsa, yana gaida masu shigowa da sunansu. Ya hango biyu sun tsaya hira, ya ce, "Saura minti ɗaya, ku taho." Wasu makarantun kan saki kiɗa a lasifika, da ya tsaya kowa ya san lokaci ya ƙure. Ƙararrawa ta biyu, a rufe ƙofa, a fara aiki nan take, don wanda ya zo da wuri ya ga amfanin zuwansa. Malaman da ba su da darasi a lokacin su zagaya su tattaro waɗanda suka rage a waje, a rubuta sunansu, a raka su aji. Ma'anar makara ɗaya ce daga ƙofar farko har ta ƙarshe, abin da ke biyo bayanta ma ɗaya ne. Ku duba da kyau, jama'a. A duk abin nan da na lissafa, wa ya canza hali? Malamai ne. Yaran bin sahu suka yi.

Hukunci kuma yana nan, ba a soke shi ba. An dai raba laifi gida biyu a rubuce: ƙanana, irin su surutu da manta littafi, malami ya kashe wutarsu a aji, manya, irin su dambe da barazana da ƙwaya, su ne na ofis. Ana kuma roƙon malami ya riƙa lura da bakinsa, duk gyara ɗaya ya zamana da yabo huɗu ko biyar a gefensa. Wani sai an zauna a bayan ajinsa an ƙirga masa yake gane darasi ya ƙare bai ce wa kowa madalla ba.

Maganar da ta fi jawo ce-ce-ku-ce ita ce ta lada. A firamare ana raba 'yan tikiti, yaro ya tara ya canza da fensir, yana ta murna. Miƙa wa ɗan shekara 17 tikitin yaron kirki a gaban abokansa, ka ga irin kallon da zai yi maka. Marubuci Alfie Kohn tun 1993 ya fitar da littafi yana sukar tsarin lada, a kan cewa wanda aka saba wa biya kan kirki, ranar da biyan ya tsaya kirkin ma zai tsaya. Masu PBIS kan amsa cewa tikitin ya fi zama na malami, tunatarwa ce a aljihunsa cewa ya buɗe baki ya yaba. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma a sakandare ni na fi karkata wajen Kohn. Makarantar da ta mayar da abin kantin kyaututtuka ta saki reshe ta kama ganye. Inda aka tambayi ɗaliban me suke so, amsar ba ta cika zama kaya ba: wurin ajiye mota kusa da ƙofa, tunda can da yawa daga 'yan ajin ƙarshe da mota suke zuwa, shiga kallon wasan makaranta kyauta, izinin wuce layi a ɗakin cin abinci. Akwai ma wanda ba ya cin komai, wato malami ya buga wa uwa waya, ta ɗauka gabanta na faɗuwa, sai ta ji yabon ɗanta ake yi.

Shekarun samartaka na neman 'yanci ne, dokar da aka rubuta a bayan idon ɗalibai kuwa ta karyawa ce. Don haka ake sa ɗalibai cikin kwamiti, su faɗi yadda ƙa'ida za ta kasance a filin wasa da cikin bas da kan waya, su shirya gajerun bidiyo, manya su koya wa sababbin shiga. Abin da ɗan aji 12 ya faɗa wa ɗan aji 9 a minti biyu ya fi huɗubar firinsifal ta rabin sa'a shiga kunne.

Aji 9 ɗin nan, nan ne mai hankali ke zuba ƙarfinsa. Elaine Allensworth da John Easton na Jami'ar Shikago sun nuna a 2005 cewa ɗalibin da ya gama wannan aji da makin da ake buƙata, bai faɗi fiye da sau ɗaya a manyan darussa ba, damarsa ta kammala sakandare ta ninka ta wanda bai yi hakan ba fiye da sau uku. Binciken da suka biyo da shi ya nuna yawan fashi ya fi sakamakon jarrabawar aji 8 nuna wanda zai faɗi. A sakandare ba a raba hali da karatu. Yaron da ya kasa karanta shafin da ke gabansa ya gwammace a kira shi tantiri da a gane daƙiƙi ne, sai ya ja faɗa kafin layi ya zo kansa. In ka tura shi ofis ka biya masa buƙata, gobe ma zai sake.

Irin wannan yaro, wanda takardun ƙararsa suka kai biyu zuwa biyar, shi ake kaiwa hawa na biyu. Sananniyar dabara a nan ita ce katin safe da yamma. Da ya iso, kafin darasin farko, ya biya wurin wani babba da jininsu ya haɗu, ko malami ne, ko mai horar da 'yan wasa, ko ma'aikaciyar ofis. Minti biyu ne: "Ka karya? Ka zo da biro? Aikin gidan lissafin fa?" A miƙa masa kati. Ƙarshen kowane darasi malami ya sa masa sifili ko ɗaya ko biyu, ya faɗa masa dalili a taƙaice. In an tashi ya koma wurin mutumin safe a haɗa lissafi, a ga ko ya kai abin da aka ɗiba masa, galibi kashi 80 cikin 100. Amfanin katin shi ne, a ginin da ke da mutum dubu biyu, an samu babba ɗaya da zai lura ranar da yaron bai zo ba.

Hawa na uku kuwa, bari in kai ku wani ƙaramin gari mai suna Somersworth a jihar New Hampshire. Sakandaren garin tana cikin waɗanda suka fi yawan masu watsar da karatu a jihar, kafin sababbin shugabanni su fara PBIS a 2006 da taimakon Jami'ar New Hampshire. Ga yaran da suka fi yin nisa, sun yi amfani da wani shiri mai suna RENEW, wanda JoAnne Malloy na cikin waɗanda suka gina shi. A nan ba a tara manya su yanke wa yaro shawara. Ana liƙa manyan takardu a bango, a miƙa wa ɗalibin ragamar magana: ga tarihina, ga waɗanda nake da su, ga abin da ke yi mini aiki da wanda ba ya yi, ga tsorona, ga inda nake son ganin kaina. Shi zai zaɓi waɗanda za su zauna a kwamitinsa, daga nan a tsara masa hanyar cike makin da ya rasa, wani lokaci har da koyon aiki a wajen makaranta. Cikin 'yan shekaru masu barin makarantar suka ragu ƙwarai. Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa a tsakanin nan ne jihar ta ɗaga shekarun karatun dole daga 16 zuwa 18, dokar da ta fara aiki a 2009. Ba duk yabon ne na PBIS ba ke nan, kuma labarin makaranta ɗaya bai isa hujja ba.

Hujjar da ta fi wannan faɗi tana nan, amma ba ta kai yadda ake kururutawa ba. Flannery da abokanta sun bi manyan sakandare 12 tsawon shekara uku, takwas masu tsarin, huɗu marasa shi, suka wallafa a 2014 cewa takardun ƙara sun ragu a na farkon, sun ƙaru a na biyun. Jennifer Freeman ta Jami'ar Connecticut da tawagarta sun duba sakandare 883 a jihohi 37, suka tarar inda aka aiwatar da shi yadda ya kamata ƙara ta ragu, zuwa makaranta ya ƙaru. Sakamakon jarrabawa kuwa bai nuna wani tashi a fili ba. Wanda ya ce muku tsarin nan zai sa kowa ya ci jarrabawa, son ransa ya faɗa. Iyakarsa ya zaunar da yaro a kujera, koyarwar tana nan tana jiran malami.

Abu biyu ne ke damuna. Na ɗaya, ma'aunin kansa. Takardar ƙara malami ne ke rubuta ta. In firinsifal yana son alƙaluma su yi kyau a idon hukuma, hanya mafi sauƙi ita ce ya nuna wa malamai ba ya son ganin takarda. Lissafi ya sauka, aji na ci da wuta, malami ya yi ta haɗiye takaici har ya ajiye aikin. Dole a haɗa da rajistar zuwa, da yawan masu faɗuwa, da tambayar ɗalibai da malamai a asirce ko hankalinsu a kwance yake. Na biyun ya fi nauyi. Alƙaluman da ma'aikatar ilimin Amurka ta fitar a 2014 sun nuna ana dakatar da ɗalibai baƙar fata ninki uku na farare. Russell Skiba na Jami'ar Indiana ya nuna tun 2002 cewa farare an fi kai ƙararsu kan abin da ido ke gani, kamar shan taba da ɓarnar kaya, baƙaƙe kuwa kan abin da ya dogara da fassarar malami, kamar raini da hayaniya. PBIS kan rage yawan ƙarar gaba ɗaya, amma sau da yawa wannan giɓin yana nan inda yake, sai fa in makaranta ta rarrabe alƙaluman ta dubi kanta. Rubuta "girmama kowa" a bango abu ne mai sauƙi. Mai yanke cewa kallon da yaro ya yi raini ne, shi ne malami, da duk abin da ya taso da shi a zuciya.

Na san wani yana gefen rediyo yana cewa, duk wannan dogon Turanci, ina bulala? To, Amurkar ma ba ta rabu da ita ba. Kotun ƙolinsu ta yanke a 1977 cewa dukan ɗalibi a makaranta bai saɓa wa tsarin mulki ba, kuma har yanzu doka ta yarda da shi a jihohi da dama, galibi na kudu, irin su Misisipi. Amma bulala, ko kamun kunne da tsallen kwaɗo irin namu, iyakarsu su faɗa wa yaro ya yi kuskure, ba sa nuna masa daidai ɗin. Manhaja da ƙwararrun masu ba da shawara suna cin kuɗi, wannan babu musu. Malamai su zauna su yarda kan ƙarfe nawa ne makara, su tsaya a bakin ƙofa, su buɗe littafin rubuta laifi su ƙirga, wannan ko kwabo ba ya ci.

Saura maganar ɗorewa. A sakandare abin yakan ɗauki shekaru fiye da na firamare kafin ya zauna, kuma a cikin shekarun nan firinsifal na iya samun canjin wurin aiki, kuɗin tallafi ya ƙare, sababbin malamai su shigo, sannan duk shekara kusan rubu'in ɗaliban baƙi ne da ba su ji komai ba. Kent McIntosh, wanda ke Jami'ar Oregon, ya bi makarantu don gano abin da ke raba waɗanda suka riƙe da waɗanda suka saki. Cikin abubuwan da suka fi tasiri akwai wanda ba shi da armashi ko kaɗan: kwamiti ya ci gaba da zama a kai a kai, ya buɗe alƙaluma, ya yanke shawara da su, ya kuma kai su gaban dukkan ma'aikata. A makarantun da abin ya kama, makon farko na kowace shekara ana sake zagayawa da 'yan aji 9 wuri-wuri, a maimaita bayan hutun hunturu, sabon malami kuma a ba shi nasa horon kafin a miƙa masa makullin aji.